Lord Salisbury (1830–1903): Sarautar Gado, Siyasar Ingila da Shata Iyakar Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin yadda ƙasar Hausa ta faɗa hannun Turawa ya san sunayen waɗanda suka zo da kansu, irin su Lugga da Morland ta wajen Ingila, da Monteil da Voulet ta wajen Faransa. Amma akwai wani mutum wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa a ƙarƙashin ikonsa ne aka fara jan layin da ya raba ƙasar Hausa gida biyu. Wannan mutum shi ne Robert Cecil, Lord Salisbury na uku, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Ingila har sau uku tsakanin 1885 da 1902, jimillar shekara 13 da 'yan watanni, kuma a yawancin waɗannan shekaru ya haɗa da riƙon Ma'aikatar Harkokin Waje. Har ya mutu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin rayuwarsa da siyasarsa domin a nuna abu guda. Salisbury ɗan sarautar gado ne, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare gado daga ambaliyar mulkin jama'a, kuma dabararsa a ko'ina ɗaya ce, watau jinkiri da ciniki, a saki kaɗan domin a riƙe mai yawa. A gida, waɗanda yake ciniki a kansu suna da ƙuri'a, saboda haka tilas ya yi lissafi da su. A Afirka kuwa masu ƙasar ba su halarci cinikin ba, ba a kuma tambaye su ba. Bambancin sakamakon da dabarar ta haifar a wuraren biyu shi ne abin da ya kamata ɗalibin tarihi ya lura da shi.

Sarautar Gado a Ingila

Kafin a shiga tarihin mutumin, ya kamata a fayyace irin sarautar da ya gada, domin ta sha bamban da wadda aka sani a ƙasar Hausa. A ƙasar Hausa idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki ne ke zama su duba cikin 'ya'yan gidan sarauta su fid da wanda ya dace. A Ingila babu zaɓe. Babban ɗa namiji shi ke ɗaukar sarauta da gida da filaye ranar da ubansa ya mutu, ko ya cancanta ko bai cancanta ba, sauran 'ya'ya kuwa a idon doka talakawa ne, sai su nemi na kansu a aikin soja ko na coci ko na lauya. Sarautun hawa biyar ne, daga Diyuk a sama, sai Makwis, har zuwa Baron a ƙasa. Mai irin wannan sarauta ba hakimi ba ne, domin sarautar ba ta ba shi ikon mulki ko karɓar haraji a garin da ake kiransa da sunansa ba. A wancan zamani ƙarfinsa daga wuri biyu yake fitowa: kuɗin hayar filayen da ya gada, da kujerar da ya gada a Majalisar Sarakai, watau babba daga cikin majalisun dokoki biyu na ƙasar. A zamanin da ake magana, babu shirin dokar da zai tabbata sai wannan majalisa ta yarda, ko da kuwa Majalisar Wakilai, wadda ake zaɓa da ƙuri'a, ta riga ta amince. Tsarin Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai da Jihar Arewa ta yi aiki da shi a Kaduna kafin 1966, daga wannan samfuri aka kwaikwayo shi.

Gidan Cecil ya yi suna tun ƙarni na 16. Kakan gidan, William Cecil, ya yi wa Sarauniya Elizabeth ta ɗaya hidima irin ta waziri har shekara 40, zuwa mutuwarsa cikin 1598. Ɗansa Robert ya gaje shi a wannan aiki, aka ba shi sarautar Salisbury cikin 1605, shi ne kuma ya gina babban gidansu na Hatfield, kimanin mil 20 arewa da Landan. Cikin 1789 aka ɗaga sarautar zuwa matsayin Makwis. Sai dai tun bayan waɗancan biyu na farko gidan bai sake fid da wani gogaggen ɗan siyasa ba, har fiye da shekara 200.

Ƙuruciya da Neman na Kai

An haifi Robert Cecil a Hatfield ranar 3 ga Fabrairu, 1830. Ba shi ne babban ɗa ba, saboda haka ya tashi ba tare da sa ran gadon sarauta ba. Mahaifiyarsa ta mutu yana ɗan shekara tara. A makarantar Eton ya sha wuya ƙwarai a hannun 'yan'uwansa ɗalibai, har aka cire shi yana da shekara 15, kuma masu rubuta tarihinsa sun danganta mugun zaton da ya riƙa yi wa taron jama'a da abin da ya gani a can, inda masu yawa ke danne marar ƙarfi. Daga nan ya shiga jami'ar Oxford cikin 1847, amma rashin lafiya ya katse masa karatu, aka shawarce shi da ya yi doguwar tafiya ta teku. Tsakanin 1851 da 1853 ya ga Afirka ta Kudu da Ostireliya da New Zealand.

Da dawowarsa cikin 1853 ya shiga Majalisar Wakilai a matsayin wakilin garin Stamford, a jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya. Mazaɓar tana hannun wani danginsa mai sarauta, saboda haka babu wanda ya tsaya takara da shi, a wannan karo ko a zaɓuɓɓukan da suka biyo baya. Watau mutumin da daga baya ya ja jam'iyyarsa ta ci babban zaɓe sau uku, shi kansa bai taɓa karawa da kowa a akwatin ƙuri'a ba.

Cikin 1857 ya auri Georgina Alderson, 'yar wani alƙali, ba da son mahaifinsa ba, domin uban yana ganin ba ta da dukiya ko asalin da ya dace da gidan. Sakamakon haka ya shiga ƙuncin kuɗi, ya koma rubuta sharhi a mujallu ana biyansa, musamman Saturday Review da Quarterly Review, galibi ba tare da sa suna ba. Wannan matsi ya zama alheri ga masu nazari, domin da wuya a sami wani shugaban Ingila da ya bar ra'ayinsa a rubuce filla-filla kamar shi.

Ra'ayinsa Game da Ƙuri'a da Rikicin 1867

Jigon rubuce-rubucensa shi ne tsoron mulkin masu rinjaye. A ganinsa ƙasa kamar kamfanin haɗin gwiwa take, inda ya kamata muryar kowa ta yi daidai da jarin da ya zuba. Idan aka ba marasa dukiya ƙuri'a, su ne kuma suka fi yawa, to za su riƙa ɗora haraji a kan dukiyar da ba tasu ba, su kashe ta yadda suka ga dama. Ya ɗauki siyasa a matsayin gwagwarmaya ta dindindin tsakanin masu shi da marasa shi, bai kuma ɓoye ɓangaren da yake ba. Wannan ra'ayi ne ya sa a lokacin yaƙin basasar Amurka ya goyi bayan jihohin Kudu masu riƙe da bayi.

Cikin 1865 wansa ya mutu, ya zama magajin gida. A shekara mai zuwa aka naɗa shi Ministan Harkokin Indiya a gwamnatin Lord Derby. A wannan shekara ta 1866 ne yunwa ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya a lardin Orissa, shi kansa kuma ya amsa daga baya cewa ya yi sakaci, domin ya dogara da tabbacin da jami'an can suka ba shi cewa babu matsala. Tun daga nan bai sake sakin jiki da maganar ƙwararru ba.

Bai cika shekara a ofis ba sai shugabannin jam'iyyarsa, Derby da Disraeli, suka kawo shirin dokar faɗaɗa ƙuri'a ga magidanta na birane. Cikin Maris 1867 ya ajiye aiki tare da wasu ministoci biyu, ya kuma rubuta wata zazzafar maƙala yana zargin Disraeli da cin amanar jam'iyya. Dokar ta tabbata, yawan masu ƙuri'a a Ingila da Wales ya ninka, daga kimanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu. Cikin Afrilu 1868 mahaifinsa ya mutu, ya gaji sarauta, ya koma Majalisar Sarakai, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Darasin da ya ɗauka daga 1867 shi ne cewa taurin kai kaɗai ba ya tare ruwa. Wanda yake son ya kare gado, dole ya kasance a wurin da ake yanke shawara.

Shigarsa Harkokin Waje

Saboda haka cikin 1874 ya haɗiye fushinsa ya karɓi Ma'aikatar Indiya a ƙarƙashin Disraeli. Abin da ya fito da shi fili kuwa shi ne rikicin Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ya wakilci ƙasarsa a taron Santambul na 1876 zuwa 1877, sa'an nan cikin Afrilu 1878 ya zama Ministan Harkokin Waje, ya aika wa manyan ƙasashen Turai takarda yana ƙin amincewa da sharuɗɗan da Rasha ta tilasta wa Turkawa bayan ta ci su da yaƙi. Kafin a zauna taron Balin na Yuni da Yuli 1878, ya riga ya ƙulla yarjejeniyoyin asiri da Rasha da Turkiyya, waɗanda suka rage ribar Rasha, suka kuma ba Ingila tsibirin Ƙubrus. Domin a kwantar wa Faransa da hankali, sai ya nuna wa ministanta, Waddington, cewa Ingila ba za ta hana ta ɗaukar Tunisiya ba, Faransa kuwa ta ɗauke ta cikin 1881. A nan aka fara ganin salon da zai yi amfani da shi a Afirka, watau biyan bashin siyasa da ƙasar da ba tasa ba.

Akwai wata magana da ya yi a majalisa cikin 1877 wadda ta dace a tuna. Ya shawarci masu fargabar cewa Rasha na gab da afka wa Indiya da su daina duban ƙananan taswirori, domin ƙaramar taswira tana sa mutum ya ɗauka yatsa ɗaya ne tsakanin ƙasashen da ke da nisan dubban mil. Ya san haɗarin yanke hukunci daga taswira, amma bayan shekara 13 shi ne ya yi hakan a kan Afirka ta Yamma.

Shugabancin Jam'iyya da Gwamnati

Bayan mutuwar Disraeli cikin 1881 Salisbury ya zama jagoran jam'iyyarsa a Majalisar Sarakai. Ya gane cewa majalisar gado ba za ta daɗe ba idan ta fito tana ja da jama'a kai tsaye, sai ya samo mata sabuwar hujja. Ya ce aikinta shi ne ta tare duk wani babban shirin doka da ba a nemi yardar masu zaɓe a kansa ba, har sai an koma gare su. Ta haka majalisar da ba wanda ya zaɓe ta ta mai da kanta mai tsaron haƙƙin masu zaɓe.

Ya gwada wannan dabara cikin 1884, sa'ad da Gladstone, shugaban jam'iyyar Masu Sassauci, ya kawo shirin ba magidantan karkara ƙuri'a. Majalisar Sarakai ta tare shirin, ƙasa ta ɗauki zafi, har Joseph Chamberlain da magoya bayansa suka riƙa kiran a rage wa sarakai iko. Amma cikin Nuwamba sai aka zauna aka daidaita. Salisbury ya bar dokar ta wuce, masu ƙuri'a suka ƙaru daga kimanin miliyan uku zuwa sama da miliyan biyar, shi kuma aka ba shi sabon rabon mazaɓu, inda yawancinsu suka koma masu wakili ɗaya ɗaya. Wannan ya ware unguwannin masu hali na gefen birane suka zama mazaɓu masu zaman kansu, su ne kuma suka zama ginshiƙin jam'iyyarsa. Dokar da ya ji tsoro ita ce ta ba shi mulki.

Abu na biyu da ya taimake shi shi ne batun Ailan. Cikin 1886 Gladstone ya nemi ba tsibirin majalisar kansa, jam'iyyarsa ta dare gida biyu, ɓangaren Lord Hartington da Chamberlain suka haɗa kai da Salisbury. A jawabin da ya yi cikin Mayu na wannan shekara ya ce akwai al'ummomin da ba su dace da mulkin kai ba, ya kawo misali da wata al'umma ta Afirka ta Kudu da sunan raini, ya ce abin da Ailan ke bukata shi ne shekara 20 na mulki mai tsauri. Ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa, Arthur Balfour, ya aiwatar da wannan manufa daga 1887. Da Gladstone ya sake kawo shirin cikin 1893, Majalisar Sarakai ta kayar da shi da ƙuri'a 419 a kan 41. Irin wannan raini ya sake bayyana cikin 1888, sa'ad da ya ce masu zaɓe na Ingila ba za su zaɓi baƙin mutum ba, yana nufin ɗan Indiya Dadabhai Naoroji, wanda kuwa aka zaɓa a wata mazaɓa ta Landan cikin 1892.

Duk da haka gwamnatocinsa sun saki abubuwa da dama. Cikin 1888 aka kafa zaɓaɓɓun majalisun larduna, waɗanda suka karɓi mulkin karkara daga hannun masu filaye. Cikin 1891 aka soke kuɗin makarantar firamare ga yawancin yara, cikin 1897 kuma aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Bai yi waɗannan don sha'awa ba. Lissafinsa shi ne, gara jam'iyyarsa ta yi gyaran a hankali, da ta bar wa abokan hamayya su yi shi da gaggawa.

Rabon Afirka da Iyakar Ƙasar Hausa

An saba cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka raba Afirka. Gaskiyar magana ita ce wannan taro ƙa'idoji ya shimfiɗa, iyakoki kuwa a yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa aka shata su daga baya, kuma manya daga cikin waɗanda suka shafi Ingila a zamanin Salisbury aka ƙulla su. Abin da ya fi damunsa a Afirka shi ne Masar da Kogin Nilu, saboda hanyar Indiya. Sauran wurare, har da Afirka ta Yamma, kayan musaya ne a wurinsa. Ranar 1 ga Yuli, 1890, ya ba Jamus ɗan tsibirin Heligoland, Jamus ta sakar masa Zanzibar da hanyar Uganda. Faransa ta yi ƙorafi, domin akwai tsohuwar yarjejeniya tsakaninta da Ingila kan 'yancin Zanzibar, saboda haka sai an biya ta.

Biyan shi ne sanarwar 5 ga Agusta, 1890. Ingila ta amince da ikon Faransa a Madagaska, ta kuma yarda cewa yankin Faransa ya miƙo daga Aljeriya ya ratsa Sahara har zuwa wani layi da zai tashi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi. An ƙara sharaɗin cewa za a ja layin ta yadda duk abin da yake na daular Sakkwato bisa adalci zai faɗa yankin Kamfanin Neja na George Goldie. Hujjar kamfanin ita ce takardun da Joseph Thomson ya ce ya ƙulla da Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu cikin 1885, waɗanda kamfanin ya fassara da miƙa ƙasa, alhali a Sakkwato izinin ciniki aka ɗauke su. A daidai wannan lokaci Salisbury ya yi wa taron liyafa a Landan barkwanci cewa sun duƙufa suna jan layi a kan taswirar wuraren da Bature bai taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ke ba su 'yar matsala shi ne ba su san takamaimai inda waɗannan abubuwa suke ba. A majalisa kuma ya kwatanta rabon Faransa da abin da manoma ke kira jigawa marar nauyi, watau hamada, maganar da ta ɓata wa Faransawa rai ƙwarai.

Sharaɗin nan na Sakkwato ya bar baya da ƙura, domin arewacin daular ba layi ɗaya ba ne. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi da Kabawan Argungu ba sa bin Sakkwato, yaƙi ma suke yi da ita, Damagaram kuwa da Barno take da tsohuwar alaƙa. Bugu da ƙari, da Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano cikin 1891, ya wuce Kukawa da Tarabulus cikin 1892, ya koma ya shaida wa gwamnatinsa cewa bai ga alamar ikon kamfanin a waɗannan wurare ba. Daga nan aka shiga tsere, musamman a ƙasar Bargu, inda Lugga ya riga Faransawa isa Nikki cikin 1894. Chamberlain, wanda ya zama Ministan Ƙasashen Mallaka cikin 1895, ya kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma cikin 1897, ya ɗora Lugga a kanta, ya kuma nuna a shirye yake a yi yaƙi. Salisbury bai yarda ba. Cikin Yuni 1898, ana taƙaddama kan garin Ilo, ya rubuta wa Chamberlain yana ba'a ga masu ɗaukar Sakkwato tamkar wata Bengal ta Indiya, ya ce babu wata ganima a can sai a mafarkin Goldie, kuma katse shawarwari zai ƙara musu wahala a kan Nilu.

Ranar 14 ga Yuni, 1898, aka sa hannu a Faris. An raba Bargu, Nikki ga Faransa, Busa da Ilo ga Ingila. Ta arewa kuma aka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, daga nan layin ya miƙe gabas yana hawa da sauka har Cadi. Wannan ya bar Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingila, Damagaram a ɓangaren Faransa, ya kuma bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Zindar. Ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya yi ɓarnar da ba a manta ba a Lugu da Birnin Ƙonni cikin 1899, ya ƙetara layin ya shiga ɓangaren Ingila yana neman ruwa da abinci. Sai cikin 1904 da 1906, bayan Salisbury ya kau, aka gyara layin, Ƙonni da Maraɗi suka koma hannun Faransa.

Da ya kashe wutar Kwara, sai ya juya ga abin da ya fi so. Ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Kitchener ta karya mayaƙan Halifa Abdullahi a Karari kusa da Omdurman, inda aka kashe musu wajen mutum 10,000, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa 50 ba. Bayan 'yan makonni aka yi cirko-cirko da Faransawa a Fashoda, a nan kuma Salisbury bai saki ko taƙi ba, har Faransa ta janye. Daga ƙarshe gwamnatinsa ta karɓe takardar izinin Kamfanin Neja, ta biya shi fam 865,000, ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya yi shelar mulkin Nijeriya ta Arewa, ƙasar da mafi yawanta ba ta san an yi ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 ya same shi da tsufa, matarsa kuma ta mutu cikin Nuwamba 1899. Ya ci zaɓen 1900, ya miƙa Ma'aikatar Harkokin Waje ga Lord Lansdowne, ya cika gwamnati da danginsa har 'yan hamayya suka riƙa kiranta masaukin gidan Cecil. Ranar 11 ga Yuli, 1902, ya ajiye mulki, Balfour ya gaje shi. Ya mutu a Hatfield ranar 22 ga Agusta, 1903. A cikin wannan shekara Kano ta faɗi cikin Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli, ƙasa da wata guda kafin mutuwar Salisbury. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da hijira gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a cikin Sudan ɗin da siyasar Salisbury ta riga ta sa a hannun Ingila.

Kammalawa

Idan aka auna Salisbury da ma'aunin da ya sa wa kansa, ya yi nasara rabi. Ya jinkirta abin da yake tsoro, bai hana shi ba. Shi ne na ƙarshe da ya yi dukan zamanin mulkinsa na Firayim Minista daga Majalisar Sarakai. Cikin 1911 aka ƙwace wa majalisar ikon kashe doka, aka bar mata na jinkirtawa. Cikin 1963 sai da Lord Home ya ajiye sarautarsa ya nemi kujera a Majalisar Wakilai domin ya ci gaba da shugabanci. Dokar 1999 ta fitar da masu kujerar gado in ban da 92, kuma wanda ya yi cinikin barin waɗannan 92 ɗin wani jikan jikansa ne, abin da ke nuna dabarar gidan ba ta canja ba. Cikin 2024 gwamnati ta gabatar da shirin dokar fitar da ragowar. Sarautar gado ta Ingila ta sami kusan ƙarni guda tana ja da baya a hankali, da mutuncinta da dukiyarta.

Sarautun ƙasar Hausa ba su sami wannan rangwame ba. Cikin 'yan shekaru aka ci su da yaƙi, Lugga kuma ya bayyana a Sakkwato cikin Maris 1903 cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun Gwamna. Masu yabon Salisbury suna cewa ya raba nahiya guda ba tare da manyan ƙasashen Turai sun yaƙi juna ba, wannan kuwa gaskiya ne. Amma zaman lafiyar na Turai ne, kuɗinsa kuma a Ƙonni da Karari da Burmi aka biya shi. Hujjar da ya kare gidansa da ita, cewa abin da aka gada aka kuma daɗe a kansa bai kamata a rushe shi da gaggawa ba, bai taɓa miƙa ta ga Sakkwato ko Damagaram ba. Layin da aka fara ja cikin 1890, bayan gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906, shi ne iyakar Nijeriya da Nijar mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda shugabannin Afirka suka amince a taron Alƙahira na 1964 a bar ta yadda aka gaje ta. Mai nazarin harshe da ke neman dalilin da ya sa Bakatsine ke cewa mota, ɗan'uwansa na Maraɗi kuma aron kalmominsa na zamani daga Faransanci suke, zai tarar da farkon amsar a cinikin Zanzibar da Madagaska.